Madubi ya maƙale, labule ya ƙi motsi: yadda ake ceto tsohuwar kamarar fim

A cikin wani tsohon akwatin ƙarfe muka same ta, ƙarƙashin rawunan mahaifinmu da takardunsa na aiki, ranar da aka zauna rabon kayansa a gidanmu na unguwar Birni da ke Damagaram. Kamara ce ƙirar Pentax K1000, baƙa da ruwan azurfa, mai nauyi a hannu. Da ita marigayin, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki kusan duk hotunan ƙuruciyarmu: ranakun suna, hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ranar da aka kai yayarmu gidan miji. Na kai ta ido na leƙa, sai duhu. Na taɓa hannun jan fim, ya ƙi gaba. Na danna maɓallin ɗauka, shiru.

Ƙanena ya karɓa ya shiga murɗa hannun da ƙarfi, da ya ga bai motsa ba sai ya kai yatsa zai buɗe murfin baya ya ga abin da ke ciki. Allah ya sa wani kawunmu da ya taɓa yin sana'ar hoto yana zaune a wurin, ya yi maza ya riƙe masa hannu. Ya juya ɗan mariƙin da ke saman kamarar ta hagu a hankali, ya ji ya yi tauri, ya shaida mana akwai fim a ciki. Ƴar tagar ƙidaya tana nuna 19. Wato akwai hotuna kusan 19 da mahaifinmu ya ɗauka, ya bar duniya bai gan su ba, kuma da an buɗe murfin nan a tsakar gida da rana, da haske ya shafe mafi yawansu kafin a ce kwabo.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Maraɗi zuwa Tawa da Yamai, akwai irin waɗannan kamarori jibge a akwatuna da durowoyi, wasu na tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta, wasu na alhazan da suka sayo a Makka, wasu kuma na masu hoton da suka yi shekaru suna yawon bukukuwa da filayen kokowa kafin na'urar dijital da wayar salula su karɓe musu kasuwa. A Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bar tarin hotunan matasan birnin da wuraren shaƙatawarsu na shekarun 1960 da 1970, waɗanda a yau ake kallonsu a matsayin tarihi. Duk a kan fim aka ɗauke su. Mafi yawan kamarorin wancan zamani da ake cirowa yanzu ciwonsu ɗaya ne da na tamu: madubi ya tashi bai dawo ba, labule ya tsaya, hannu ya kafe. Mutane kan ce ta mutu, alhali sau da yawa babu ko sukuru ɗaya da ya karye a cikinta.

Abin da ke faruwa idan an danna maɓalli

Kafin a gane dalilin maƙalewar sai an san aikin da ke gudana a cikin wannan ɗan akwati. Irin wannan kamara, mai ɗauka yana leƙawa ne ta cikin gilashin gaban da zai ɗauki hoton. Hasken da ya shigo ta gilashin yakan tarar da wani ɗan madubi a jingine bisa kusurwar digiri 45, madubin ya tura shi sama zuwa wani siririn faranti da ake daidaita gani a kansa, daga nan wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar ya miƙar da hoton ya kai shi idon mai leƙe. Bayan madubin akwai labule biyu, a K1000 na yadi ne da aka shafe da roba, a wasu kamarorin kuma na siraran ƙarafa ne. Bayan labulen ne fim yake kwance cikin duhu, yana jiran rabonsa na haske a fili mai milimita 24 da 36.

Idan aka ja hannun fim, abu uku ake yi a tare: ana matso da sabon fim, ana naɗe labulayen bisa sifirin ɗinsu, ana kuma ɗana sifirin ɗin madubi. Da an danna maɓalli sai ƙofar gilashin gaba ta tsuke zuwa girman da aka zaɓa, madubi ya yi sama ya ba haske hanya, isarsa sama ta saki labule na farko ya buɗe, bayan ɗan lokacin da aka zaɓa labule na biyu ya bi shi ya rufe, isar labule na biyu ƙarshen tafiyarsa ita ce ke bugun wani ɗan ƙarfe da ke sakin madubi ya dawo ƙasa. Lambobin da ke kan faifan sama, 1, 2, 4, 8, 15, 30, 60, 125, 250, 500 da 1000, su ne ke faɗin tsawon lokacin: 1 sakan guda ne, 1000 kuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A manyan lambobin labule na biyu ba ya ma jiran na farko ya isa, tare suke gudu da ƴar siririyar kafa a tsakaninsu tana sharar fuskar fim.

Duk wanda ya taɓa ganin magina suna jifan tubali daga ƙasa zuwa kan katanga ya san yadda abin yake. Kowa sai ya karɓa daga na ƙasansa sannan ya miƙa wa na sama. Mutum ɗaya ya tsaya, aiki duka ya tsaya. A kan haka kuma masu ƙira sun ƙara makullai biyu don kada a ɗauki hoto biyu a kan fili ɗaya: hannun jan fim ba zai motsa ba sai an kammala ɗaukar da ta gabata, maɓalli kuma ba zai yi aiki ba sai an kammala jan fim. To idan aikin ya tsaya a tsakiya, misali labule na biyu ya gaza da ƙiris bai bugi ɗan ƙarfen nan ba, sai madubi ya zauna a sama, tagar leƙe ta yi duhu, hannu ya kulle, maɓalli ya mutu. Kamarar tana jiran mataki ɗaya ne da bai cika ba. Wanda bai sani ba sai ya sa ƙarfi, kuma a nan ne ƙananan fayafai masu haƙora ke gutsurewa, ko zaren da ke jan labule ya tsinke. Sannan ne ta lalace da gaske.

Me ke hana mataki cika? Abu na farko shi ne mai. Kamfanin Asahi na Japan ya fara fitar da K1000 a 1976, aka ci gaba da ƙera ta har 1997, ke nan ko ƴar autarsu ta kusa shekara 30, na farkon kuwa sun doshi 50. Man da aka ɗiga wa gaɓoɓinta a masana'anta ya daɗe da bushewa, ya koma kamar ƙaro. Na biyu shi ne soso. A saman ɗakin madubi akwai wani siririn baƙin soso da madubin ke buga idan ya tashi, don kada ya fashe ko ya girgiza kamarar. Irin wannan soso idan ya tsufa narkewa yake yi ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, madubi ya tashi ya manne da shi. Na uku batir ne, ga kamarorin da labulensu ke aiki da lantarki. Na huɗu kuma ƙura.

Yanayinmu yana da hannu a ciki, ta fuska biyu. Zafin watannin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga shi an ajiye kamara cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano, yana gaggauta narkewar soso, yana kuma sa mai ya gudu daga inda aka sa shi ya malala inda ba a so. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da man ta zama laka. Amma bushewar iskarmu tana da nata alheri: hunhunar da ke cin gilasan kamarori a garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Lome da Legas ba ta cika samun wurin zama a nan ba. Shi ya sa sau da yawa za a ga kamarar da ta kwana shekaru a Damagaram gilashinta garau, injinta ne kawai ya sandare.

A fara ceto fim

Kamara ana iya samun wata, fim ɗin da ke ciki ba shi da na biyu. Saboda haka kafin a taɓa komai sai a tabbatar ko akwai shi, ta hanyar da kawunmu ya bi: a ɗaga ɗan mariƙin mayar da fim, a juya shi a hankali ta inda kibiya ta nuna. In ya yi ta juyawa sakaka, babu komai. In ya yi tauri, a tsaya. A ƙasan kamarar akwai wani ɗan maɓalli, a danna shi, sannan a ci gaba da juya mariƙin har a ji fim ya saki, ya koma cikin gwangwaninsa. A mafi yawan kamarori wannan yana yiwuwa ko da labule ya maƙale, domin hanyarsu ba ɗaya ba ce.

In ya ƙi, to sai duhu. Ba duhun ɗakin da aka rufe taga da rana ba, duhun da mutum ba zai ga tafin hannunsa ba ko bayan ya zauna minti biyar. Da dare, a kashe fitilu, a ajiye waya a waje, a shiga ƙarƙashin bargo mai kauri, a buɗe murfin da lalube, a zare fim ɗin a naɗe shi cikin gwangwaninsa da hannu, ana riƙe shi ta gefe. Jar fitilar da ake gani a ɗakunan wankin hoto ta takardar hoto ce mai baƙi da fari, fim ɗin kamara ba ya jure ta. Namu bai ba mu wahala ba, ya koma gwangwaninsa lafiya.

Akwai kuma abin da ya kamata a yi nan take idan madubi na sama: a rufe gilashin gaba. A kamara mai lafiya madubi ne ke kare labule daga rana. Idan ya maƙale a sama, gilashin yakan tattara hasken rana a kan yadin labulen kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma, kuma da irin ranarmu ba a daɗewa sai a sami huji.

Daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Wani duhun ma ba ciwo ba ne. Madubin da ke dawowa da kansa bayan ɗauka ya yaɗu ne daga 1954, lokacin da Asahi ya fitar da Asahiflex IIB. Kamarori da dama da aka ƙera kafin nan, da wasu na bayansa kamar Zenit-3M ta Tarayyar Sobiyet da Hasselblad 500C, madubinsu yakan zauna a sama har sai an ja fim. Haka aka yi su.

Bayan wannan sai batir. K1000 ba ta buƙatarsa sai don ma'aunin haske kawai, ko babu shi tana ɗauka. Amma Canon AE-1, wadda ita ma ta fito a 1976 kuma aka sayar da miliyoyinta, ba ta motsi ko kaɗan in babu batirinta mai bolt 6. Nikon FE idan batir ya mutu takan ɗaga madubi ta tsaya, kuma maganin yana kan faifan sama: a juya shi zuwa inda aka rubuta M90, wanda ke aiki ba da lantarki ba, sai madubin ya faɗo. Olympus OM-2 ma haka take yi, ana sakinta ne ta hanyar juya zoben lokaci zuwa harafin B. Mutum nawa ne suka jefar da kamara saboda batirin da bai kai girman ƙwayar gurjiya ba? Idan an sa sabo bai yi ba, a duba mazauninsa. Tsohon batir yakan zubar da ruwa ya bar farin gari ko kore a kan ƙarfen, a goge shi da auduga da ɗan ruwan tsami na binegar, a bari ya bushe sarai.

Sai a duba ko jan fim ne bai kai ƙarshe ba, a tura hannun a hankali a ga ko zai ƙarasa. A duba ɗan hannun jinkiri da ke gaban wasu kamarorin, wanda mai ɗauka ke ɗanawa ya ruga ya shiga cikin hoto. Injinsa yakan sandare a tsakiya ya riƙe komai, kuma tura shi da ɗan yatsa sannu a hankali yakan sa ya ƙarasa tafiyarsa. K1000 ba ta da shi, wannan na cikin dalilan da suka sa take da wuyar lalacewa.

Daga nan a cire gilashin gaba a leƙa ɗakin madubi. In an ga baƙin danƙo a gefen sama, to soso ne. Ana iya sa farce ko tsinken sakace a bakin ƙarfen da ke riƙe da madubin, a ɗan ja shi ƙasa kaɗan. In mannewa ce kawai zai saki ya faɗo. In an ji yana turjewa kamar akwai abin da ke riƙe da shi daga ciki, a bar shi, matsalar tana wani wuri. Kuma kada yatsa ko tsumma ya taɓa fuskar madubin. Madubin ɗaki ruwansa yana bayan gilashi ne, na kamara kuwa a fuska yake, goga ɗaya ta isa ta bar tabo har abada. Farantin da ke samansa na roba ne mai laushi, ɗigon sinadari ɗaya yakan ɓata shi. Iska kawai ake hura musu da ƴar robar hurawa.

A teburin mai gyaran agogo

Tamu ta wuce duk waɗannan, madubi ya ƙi sauka. Kawunmu ya ce shi ɗauka ya iya, ba buɗewa ba, ya tura ni wurin wani dattijo mai gyaran agogo da ke da ɗan teburi a gefen kasuwar Dole. Da farko na yi shakka, na ga me ya haɗa agogo da kamara. Ashe dangi ne. Abin da ke ƙidaya sakan guda ko rabin sakan a cikin kamarar ƴan fayafai ne masu haƙora da wani ɗan ƙarfe mai kai da komo, irin dai na cikin agogon da ake ɗaure wa zare da hannu. Mai gyaran waya ya san lantarki, amma wanda ya saba da sifirin mai kaurin gashin kai da ɗigon mai a bakin allura shi ne mai agogo.

Dattijon ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kifa kamarar, ya kwance ƴan sukurun da ke riƙe da murfin ƙasa, yana jera kowanne a inda ya dace da raminsa. Ya daɗe yana zaɓen abin kwancewa kafin ya fara, kuma da dalili: sukurun kamarorin Japan kansu mai kuros ne, amma yankansu ya ɗan bambanta da na sukudireban da ake sayarwa a kasuwa, wanda bai zauna daidai ba yakan cinye kan sukurun ya bar shi ba ya shiga ba ya fita. A wasu kamarorin ma akwai sukurun da ake kwancewa ta baibai, mai ƙarfin hannu ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake har ya karye.

Da murfin ya fita sai ga cikin a fili, ƙarafa da sifirin a jere, babu wanda ya karye. Ya sa gilashinsa a ido ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba, har na fara ƙosawa. Sannan ya nuna mini da bakin hantsaki wani ɗan faifai mai ƙaramin ƙusa a kansa, da wani lanƙwasasshen ƙarfe kusa da shi. Faifan yana juyawa ne tare da labule na biyu, kuma ƙusar ce ya kamata ta bugi ƙarfen ta saki madubi. Ta tsaya saura ƙiris. Ya ɗan tura faifan da hantsakin, sai muka ji ƙas, madubi ya faɗo. Na kai ido na leƙa, sai ga rumfunan kasuwa da masu wucewa.

Na ɗauka an gama, ya ce ba a fara ba. Ya ja hannu ya danna, ta ɗauka, ya sake, a karo na uku ta sake maƙalewa, domin abin da ya hana faifan isa yana nan. Ya ɗauko man laita, irin mai saurin bushewa da ba ya barin maiƙo, ya riƙa ɗiga shi da bakin allura a gindin faifan da mahaɗar ƙarfen, yana motsa su, yana tsane baƙin da ke fitowa da ƴar takarda. Ya maimaita har abin ya daina fitowa da datti. Sai da ya bushe sannan ya taɓa man agogo da bakin allurar, ɗigon da ido da kyar yake gani, ya sa a gindin kawai, bai bari ya kai haƙoran ko labulen ba. Ya koma ɗakin madubi ya kankare ragowar soson da tsinke, kamarar a kife don kada ɓurɓushin ya faɗa kan farantin gani, ya yanka sabon siririn soso ya liƙa. Haka ya yi wa ramukan murfin baya, inda soson da ke hana haske shiga shi ma ya narke.

A nan ne mutane da yawa ke kashe kamarorinsu da kyakkyawar niyya. Wani ya fesa mata man gwangwanin da ake kwance tsatsa da shi, wani ya ɗiga man keken ɗinki, har da mai sa man gyaɗa. Ranar farko takan yi kamar ta warke. Bayan makonni man ya bi ko'ina, ya jiƙa labule, ya hau gilasai, ya kama ƙura, kuma gyaran da zai ɗauki awa ɗaya ya koma sai an wargaza ta gaba ɗaya.

Inda ya kamata a tsaya

Dattijon ya gwada kowace lamba, murfin baya a buɗe, yana kallon fitila ta cikin labulen. A kan 1 ya saurari ƙugin injin yana kwatanta shi da agogon hannunsa. A kan 500 da 1000 ya duba ko hasken yana bayyana daga wannan gefe har wancan, domin idan labule na biyu ya cim ma na farko a hanya, rabin hoto baƙi zai fito. Ya ce abin da ido da kunne za su iya ke nan, daidaita gudun labule sosai aikin na'urar awo ne da ba shi da ita, kuma ba zai taɓa sukurun da ke ɗaure sifirin ɗin labulen ba. Murfin sama ma bai buɗe ba, inda wayoyi da dunƙulen gilashin suke. A ganina wannan ƙin da ya yi shi ne babbar shaidar ya san aikinsa.

Kowace ƙira da nata ciwon da aka san ta da shi. Canon AE-1 takan yi wani kuka kamar tarin akuya idan an ɗauka, alamar wani faifai a injin madubi ya bushe, sannan akwai maganaɗisun lantarki a ƙasanta da idan maiƙo ya hau shi yakan ƙi saki. Minolta X-700 ta 1981 da ƙannenta X-300 sukan kulle ne saboda ɗan kwandansa da ya mutu, kuma wannan aikin mai gyaran rediyo ne da dalmarsa, kuɗin abin bai taka kara ya karya ba. Pentax ME Super tana da ƴan robobi a injin madubi da ke narkewa, sai hannu ya yi ta jan fim ba tare da ɗana labule ba, ita kam sai an fitar da ɗakin madubin duka. Labulen da ya yage ko zarensa ya tsinke shi ma ba aikin gefen kasuwa ba ne.

Babbar matsalar ita ce kayan canji. Minolta ta haɗe da Konica a 2003, suka bar harkar kamara a 2006. Canon ya daina sayar da kamararsa ta fim ta ƙarshe, EOS-1V, a 2018, Nikon ma ya dakatar da F6 a 2020. Babu masana'antar da ke ƙera faifai ko labulen K1000 a yau, masu gyara a ko'ina cikin duniya daga matacciyar kamara suke ciro abin da za su raya wata. Don haka ko wadda ta lalace ba abin zubarwa ba ce. A ɗaya ɓangaren kuma fim bai mutu ba: Kodak, da ya shiga halin fatara a 2012, har yanzu yana yin sa, haka Ilford a Ingila, kuma sha'awar da matasa ke nunawa a Turai da Amurka da Japan ta kai har an fitar da sabuwar kamarar fim, Pentax 17, a 2024. Wannan ya sa tsofaffin da ke aiki suka sake yin daraja, abin da ya kamata mai niyyar sayar da ta gidansu ga ɗan gwangwan ya sani.

Gyaran kamara ba ƙaramar sana'a ba ce a yankinmu. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinariya na Venice a 2007, ya yi shekaru yana gyaran kamarori a shagonsa na unguwar Bagadadji lokacin da hoto mai launi ya rage wa masu baƙi da fari kasuwa, kuma har ya rasu a 2016 kantocin shagon cike suke da tsofaffin kamarori. Dattijon kasuwar Dole ba shi da yaro a teburinsa. Agogon da ake kawo masa yanzu mafi yawa canjin batir ne.

Saura fim ɗin. Hoton da aka ɗauka ba a wanke ba yana nan a ɓoye cikin sinadarin fim, amma yana dusashewa da shekaru, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Fina-finan tawagar Andrée, ɗan ƙasar Suwidin da ya halaka a 1897 yana ƙoƙarin kaiwa ƙarshen arewacin duniya da balan-balan, sun kwana shekara 33 cikin ƙanƙara, da aka gano su a 1930 aka iya fitar da hotuna 93. Sanyi ne ya tsare su. Namu a akwatin ƙarfe ya kwana, a Damagaram. Mai launi ne, kuma irinsa idan ya tsufa launin ne ke fara gudu, shi ya sa masu wanki kan zaɓi su wanke shi a matsayin baƙi da fari don a tsira da siffofin mutane ko da launi ya tafi. Shagunan hoton da na zagaya a garin duk sun koma buga hoto daga waya da kwamfuta. Yanzu gwangwanin yana cikin leda a firjin yayarmu, an rubuta a jiki kada a buɗe, yana jiran wani ɗan'uwanmu da zai yi tafiya waje bayan Sallah.

Kamarar kuma tana kan kanta a ɗakina, ba cikin akwati ba, gilashinta a rufe, batirin a cire. Dattijon ya ce kowane wata in ɗauko ta in ja in danna a kan kowace lamba sau biyu ko uku, domin zama ne ke sandarar da ita. Ranar da na fara yi a tsakar gida, na sa ta a kan 1, ta yi ƙuginta na sakan guda, madubi ya faɗo. Inna tana daga cikin ɗaki ta ɗaga labule ta leƙo, ta tambaya wa ake ɗauka.